Matambayi Ba Ya Ɓata: Ɓarayin Jirgin Ƙasa a Zamanin Sarauniya Biktoriya

A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa wata tambaya game da tarihin tashar jirgin ƙasa ta Zariya, sai na faɗa a gefen magana cewa su kansu Turawan da suka shimfiɗa mana dogo daga Baro zuwa Kano sun daɗe suna fama da ɓarayin jirgi a ƙasarsu tun kafin a haifi kakanninmu. Wannan 'yar maganar ta jawo wasiƙu fiye da ainihin amsar da na ɓata dare ina rubutawa. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili, da fatan waɗanda ba su ga tasu ba za su yi mini uzuri.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Na taɓa jin labarin wani babban fashin jirgin ƙasa a Ingila wanda aka kwashe miliyoyin fam. Shin shi kake nufi? Kuma 'yan fashin zamanin Biktoriya tare jirgi suke yi da bindigogi, kamar yadda aka yi a hanyar Abuja zuwa Kaduna a 2022? Daga wani ɗalibin tarihi, Samaru.

Amsa: Ɗana, ina amsawa. Ka haɗa labari biyu waɗanda fiye da shekara ɗari ta raba. Na miliyoyin fam ɗin ya faru ne a watan Agustan 1963, zamanin Sarauniya Elizabet ta Biyu, lokacin da wasu gungun mutane suka yi wa fitilar ba da hannu dabara, suka tsayar da jirgin gidan waya da ya taso daga Glasgow zuwa Landan, suka bugi direba, suka yi awon gaba da kimanin fam miliyan 2.6. Ita kuwa Biktoriya ta hau gado a 1837, ta rasu a watan Janairun 1901, shekara goma kafin a ji kukan jirgi a tsakanin Zariya da Kano.

Fashin jirgi da bakin bindiga a wancan ƙarni an fi saninsa a Amurka. A can ne wasu 'yan gida ɗaya da ake kira Reno suka yi wa jirgi fashi a jihar Indiyana a 1866, Jesse James da mutanensa kuma suka kwance dogo suka kayar da wani a jihar Ayowa a 1873. Amurka tana da daji mai faɗi wanda mutum zai ɓace a cikinsa da dokinsa. Ingila kuwa ƙasa ce matsattsiya, tasha kusa da tasha, wayar tangaraho tana bin dogo duk inda ya bi, don haka wanda ya tare jirgi ba shi da wurin tsira. Sai ɓarayinta suka koma ga dabarar da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa da ɗan gari akan ci gari. Satar da ta fi shahara a zamanin, wadda aka yi a watan Mayun 1855, ba a ɗaga wa kowa ko da sanda ba a cikinta, kuma direban jirgin ya kai fasinjojinsa lafiya ba tare da ya san an yi komai ba.

A lokacin, 'yan kasuwar zinariya na Landan sukan aika kaya zuwa Faris ta hannun kamfanin South Eastern Railway. Jirgi ya ɗauka daga tashar London Bridge zuwa Folkestone a bakin teku, a loda a jirgin ruwa zuwa Boulogne ta ƙasar Faransa, daga nan wani jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi. Idan ka dubi tsarin tsaron a takarda ba za ka sami abin kushewa ba. Zinariyar tana cikin akwatunan katako masu ɗaurin ƙarfe, an buga musu hatimin kaki, an ɗora su a kan sikeli an rubuta nauyinsu, sannan a sa su cikin akwatin ƙarfe ƙirar kamfanin Chubb mai makulli biyu. Mabuɗan kuma ba sa hannun mai tsaron taragon kaya, suna ajiye a wurin amintattun kamfani a Landan da Folkestone da jirgin ruwa. Shi mai tsaron yana tafe ne da akwatin da ba zai iya buɗewa ba.

Mutum huɗu suka haɗa kai. William Pierce ya taɓa yi wa kamfanin aikin buga tikiti kafin a kore shi saboda caca, shi ne kuma ya fara kawo shawarar. Edward Agar gwanin ɓarawo ne wanda ya daɗe a sana'ar, ya san makulli kamar yadda maƙeri ya san ƙarfe. James Burgess shi ne mai tsaron taragon kaya. William Tester kuma akawu ne a ofishin da ke tsara zirga-zirgar jirage, yana iya shirya wa zai yi aiki a wane dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne haƙurinsu, domin sun shafe watanni da yawa a kan maganar mabuɗai kaɗai. An mayar da akwatin ƙarfe wurin masu ƙera shi don gyara, mabuɗai suka ratsa ta teburin Tester, ya sulale da su na ɗan lokaci ya kai wa Agar a wani gidan giya, Agar ya danna su a kakin zuma ya ɗauki siffarsu. Sai daga baya suka gane cewa Tester, cikin rawar jiki, mabuɗai biyu na makulli ɗaya ya ɗauko. Saura na biyu ke nan. Agar ya aika wa kansa da akwatin kuɗin zinariya zuwa Folkestone da sunan ƙarya, ya je karɓa, ya tsaya yana kallon inda akawu zai ɗauko mabuɗi, ya ga a wani kabad ake ajiye shi. Wata rana da ma'aikatan ofishin suka fita taryen jirgin ruwa suka bar ƙofa, Pierce ya shiga ya ɗauko, Agar ya danna a kaki, aka mayar da shi wurinsa kafin su dawo. Bayan an ƙera mabuɗan jabu, Agar ya yi ta bin jirgin a taragon Burgess, yana gwadawa yana goga su da magagari, har ranar da suka juya lami lafiya.

Saura maganar sikeli. Suka sayi ƙwayoyin dalma irin waɗanda ake ɗura wa bindigar farauta, suka ɗure a jakunkuna, suka riƙa zuwa bakin tasha da su dare bayan dare suna komawa gida hannu rabbana, domin ba kullum ake aika zinariya ba. Daren Talata, 15 ga Mayu, Burgess ya fito ya share fuskarsa da hankici, alamar da suka shirya ke nan cewa yau akwai kaya. Pierce ya shiga taragon manya da tikitinsa kamar kowane attajiri, Agar kuma ya faɗa taragon kaya jirgi na shirin tashi. Ya tarar ma makulli ɗaya kawai aka kulle. Ya zare ɗaurin ƙarfen akwatunan da awartaki, ya ɗaga marfi a hankali da guntayen itace da gudumar katako don kada ya bar tabo, ya kwashe zinariya, ya zuba dalma, ya mayar da ƙusoshi da ɗauri, ya narka kaki ya buga sabon hatimi. A tashar Redhill Tester ya karɓi jaka ɗaya ya juya Landan, Pierce kuma ya dawo taragon kaya ya taya Agar ƙarasa aiki. A Folkestone aka sauke akwatunan ƙarfe a kulle kamar yadda aka loda su. Su biyun suka zarce Dover, suka jefa kayan aikinsu a teku, suka shigo jirgin tsakar dare suka koma gida.

Abin da suka ɗauka ya ɗan haura kilo 100, wato nauyin cikakken buhun masara, kuma kuɗinsa ya kai kimanin fam 12,000 a zamanin da leburan birni da ƙyar yake haɗa fam ɗaya a mako. Dattawanmu da suka yi ciniki da fam da sule da kwabo kafin zuwan naira a 1973 sun fi mu jin nauyin wannan lissafi.

Sikelin da suka yi wa shiri bai yaudaru gaba ɗaya ba, domin zinariya ta fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, daidaita awon cikin jirgi mai girgiza kuwa ba wasa ba ne. Da aka auna a Boulogne, akwati ɗaya ya ragu sosai, sauran sun ɗan ɗara, amma aka bar su suka wuce, sai a Faris aka buɗe aka ga dalma. Daga nan gardama ta tashi. Ingilawa suka ce a Faransa aka yi satar, Faransawa suka ce ai tun a bakin tekunsu awo ya nuna an taɓa kayan. Aka sa ladan fam 300 ga wanda ya kawo labari, aka yi wa ma'aikata tambayoyi har da Burgess, aka sallame shi saboda ya daɗe yana aiki ba a taɓa samunsa da laifi ba. Shekara ta zagayo babu wanda aka kama.

Tambaya: Malam, na yi aikin reluwe shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. Wani Bature da muka yi aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa ba mu labarin zinariyar da ta koma dalma, amma bai gaya mana yadda asirin ɓarayin ya tonu ba. Ina kuma son in san wanda ya fi shan hukunci, domin a sanina kullum kaya ya ɓace a jirgi ƙaramin ma'aikaci ake fara kallo. Daga wani dattijo, Sabon Gari.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Yan sanda ba su da wani abin alfahari a wannan shari'ar, domin wata mata da aka zalunta ce ta kawo ƙarshen maganar.

Bayan satar, sun narka zinariyar a gidan Agar da ke unguwar Shepherd's Bush, inda suka mayar da murhun ɗaki maƙera, suka sayar da ita kaɗan-kaɗan. Cikin masu saye har da wani lauya mai suna James Saward, wanda da rana yana sa rigar lauya, a ɓoye kuma shi ne ubangidan masu buga cekin banki na jabu. Aka raba kuɗi, kowa ya kama gabansa. Tester ma har ya sami babban muƙami a wani kamfanin jirgin ƙasa a ƙasar Suwidin ya tafi. To, 'yan watanni bayan satar sai aka kama Agar a kan wani laifi dabam, na cekin jabu, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Ostireliya har ƙarshen rayuwarsa. Yana da ɗa da wata mata mai suna Fanny Kay, don haka kafin a tafi da shi ya danƙa wa Pierce dubban fam amana, a riƙa kula da ita da yaron. Pierce ya ɗan ba ta na 'yan kwanaki, sannan ya haɗiye sauran ya juya mata baya. Da talauci ya ishe ta, a 1856 ta tafi wurin shugaban kurkukun Newgate ta faɗi abin da ta sani. Aka je wa Agar da maganar a kurkukun Portland inda yake jiran jirgi. Da ya ji abin da abokinsa ya yi wa ɗansa, sai ya zauna ya warware komai dalla-dalla, har da inda narkakkiyar zinariya ta zube ta ƙona katakon daɓen ɗakinsa, aka je aka tarar da tabon. Mutumin da ya saci zinariyar wasu bai iya jure a ci tasa amanar ba.

An yi shari'ar a kotun Old Bailey a watan Janairun 1857, Agar yana tsaye a matsayin babban mai shaida. A nan kuma, Baba, zarginka ya tabbata. Burgess da Tester an yanke musu kora zuwa Ostireliya na shekara 14 kowannensu, saboda dokar Ingila ta lokacin tana tsananta wa bara da ya saci kayan da aka ba ubangidansa ajiya. Pierce kuwa, wanda ya kawo shawarar tun farko, ya kuma cinye haƙƙin mace da yaro, shekara biyu kacal ya samu da aikin gwale-gwale, domin a ranar satar shi ba ma'aikacin kamfani ba ne, laifinsa sata ce tsura. Alƙalin da kansa ya nuna ɓacin ransa cewa doka ta ɗaure masa hannu a kan wanda ya fi kowa mugun hali a cikinsu. Namu fiƙihun ma ya raba sata da ha'inci da fashi, kowanne da babinsa da hukuncinsa, kuma wanda ya karanta zai ga cewa tambayar wa aka amince wa da kayan, daga ina kuma aka ɗauke su, tsohuwar tambaya ce a wurin alƙalai.

Ita wannan kora zuwa Ostireliya, tsakanin 1788 da 1868 an kwashi fursunoni kimanin 162,000 ta wannan hanya, yawancinsu a kan ƙananan sace-sace. Tafiya ce ta watanni a teku, kuma ko wa'adin mutum ya cika, kuɗin jirgin dawowa yakan gagare shi.

Sai dai zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Kallon da ake yi wa ma'aikaci yana da dalili, ko da yake yakan faɗa kan mai gaskiya. Makullin Chubb bai karye ba, hatimi bai gaza ba, sikeli ma ya faɗi gaskiya. Abin da ya faru shi ne akawu ya fita da mabuɗi, wasu sun bar ofis a buɗe, wani ya ga kulle makulli biyu wahala ce, masu awo kuma sun ga bambanci sun bar kaya ya wuce. Mutum biyu ne kawai a cikin ma'aikata suka ci amana, amma sakacin masu gaskiya ne ya share musu hanya.

Tambaya: Malam, ni abin da ya dame ni fasinjoji ne. Idan ɓarayi suna iya yin wannan aiki a cikin jirgi yana tafiya, yaya lafiyar matafiyi, musamman mace da ke tafiya ita kaɗai? Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada.

Amsa: Malama, tambayarki ta taɓo abin da ya fi tsorata mutanen zamanin, kuma kafin a fahimce shi sai an san ƙirar taragonsu. Mu da muka shiga jirgin Kaura Namoda muna yara, abin da muka sani dogon tarago ne mai hanya a tsakiya, kowa na ganin kowa, mai tallar dafaffen ƙwai na ratsawa, in wani ya ɗaga murya a wannan ƙarshe na wancan ƙarshen ya miƙe ya leƙo. Taragon Ingila na wancan lokaci an yanka shi ne ɗaki-ɗaki kamar an jera kekunan doki, kowane ɗaki da ƙofarsa ta waje, babu hanya daga wannan zuwa wancan, babu kuma yadda za a kira direba ko mai tsaro. Da zarar jirgi ya tashi, ke da wanda kika tarar a ɗakin sai tasha ta gaba. Masu kuɗi sun fi son haka saboda ba sa son cuɗanya da talakawa, kuma a ɗakin masu kuɗin ne aka fara zubar da jini.

Daren Asabar, 9 ga Yuli, 1864, wani dattijo ɗan shekara 69 mai suna Thomas Briggs, babban akawun banki, ya shiga jirgi a tashar Fenchurch Street zai koma gida. A Hackney wasu akawuna biyu suka buɗe ɗakin suka zauna, sai suka ji kujera da danshi, da aka haska aka ga jini ne. An tsinci Briggs a gefen dogo tsakanin Bow da Hackney Wick da rauni a ka, ya rasu washegari da dare. Agogonsa na zinariya da sarƙarsa sun tafi, hularsa ma babu, amma an bar wata hular da ba tasa ba. Shi ne kisan kai na farko a cikin jirgin ƙasa a Birtaniya.

Hular nan da sarƙar su suka kama mai laifi. Wani mai sayar da kayan ado a Cheapside, John Death, ya ce wani saurayi mai harshen Jamusawa ya kawo masa sarƙar ya musanya ta da wata. Sai wani mai keken doki na haya ya tuna cewa wani tela Bajamushe da ya saba da gidansu, Franz Müller, ya ba 'yarsa ƙaramin kwali mai ɗauke da sunan wannan shago, kuma ya shaida hular. Kafin nan Müller ya riga ya shiga jirgin ruwa mai filafilai ya nufi Niyok. Sufeto Richard Tanner ya kwashi shaidu ya shiga jirgi mai tururi, ya riga shi isa da makonni, ya zauna yana jira. Da aka buɗe kayan Müller aka sami agogon Briggs da hularsa, wadda ya rage mata tsawo da ɗinkinsa na tela. An dawo da shi, an rataye shi a ƙofar Newgate ranar 14 ga Nuwamba, 1864, a gaban taron da aka ƙiyasta ya kai mutum 50,000, ana shaye-shaye ana yankan aljihu a gindin igiyar. Shekara huɗu bayan haka aka daina rataya a bainar jama'a.

Wannan tsere tsakanin mai laifi da sabuwar fasaha ya girmi shari'ar Müller. Ranar 1 ga Janairu, 1845, wani John Tawell ya ba wata mata guba kusa da Slough ya shiga jirgin Landan, sai aka buga waya zuwa tashar Paddington aka siffanta shi, cewa yana sanye da irin tufafin 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker. Na'urar tangarahon ba ta da harafin Q, kamar yadda bokonmu na Hausa ba shi da shi, don haka aka rubuta kalmar da K da W. Saƙon ya riga jirgin isa, ɗan sanda ya bi shi a baya, daga ƙarshe aka rataye shi.

Bayan kisan Briggs wasu kamfanoni sun huda 'yan tagogi a bangon da ke tsakanin ɗakuna, jama'a suka laƙaba musu sunan Müller. Dokar 1868 kuma ta tilasta cewa duk jirgin da zai yi fiye da mil 20 bai tsaya ba sai an sa masa hanyar da fasinja zai kira ma'aikata. Abin da yawancin kamfanoni suka sa igiya ce da ke bin tarago ta waje, sai mutum ya zura hannu ta taga ya lalubo ta, kuma sau da yawa ko an ja ƙararrawar ba ta kaɗawa. Ki yi tunanin wanda aka shaƙe wa wuya yana neman igiya a waje. A 1881 aka sake kashe wani fasinja, Isaac Gold, a jirgin Brighton. Wanda ya kashe shi, Percy Lefroy Mapleton, ya sauka jina-jina yana cewa shi aka kai wa hari, alhali agogon mamacin yana cikin takalminsa, ya kuma kuɓuce wa ɗan sandan da ya raka shi gida, sai da jaridar Daily Telegraph ta buga zanen fuskarsa aka kamo shi.

Game da mata, shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta 1875, lokacin da wani kanar na soja, Valentine Baker, abokin Yarima mai jiran gado, ya nemi cin mutuncin wata budurwa da suka haɗu a ɗaki ɗaya. Ta buɗe ƙofa ta fita ta maƙale a jikin tarago jirgi yana gudu har aka hango ta aka tsaya. An ɗaure shi shekara ɗaya da tarar fam 500, aka sallame shi daga soja, mutane da yawa kuma suka ce da talaka ne da ba haka hukuncin zai tsaya ba. An keɓe wa mata ɗakuna nasu a jirage da dama, amma maganin gaskiya bai zo ba sai a shekarun 1890, da aka fara ƙera taragai masu hanya a gefe wadda mai tsaro zai riƙa bi yana leƙawa.

Tambaya: Malam, fam 12,000 ɗin da ake ta magana, ita ce sata mafi girma da aka yi wa kamfanin jirgin ƙasa a zamanin? Daga wani akanta, Kongo.

Amsa: Ɗan'uwa, ko kusa. Kai da kake aikin lissafi za ka fi kowa jin daɗin wannan, ko kuma ka fi kowa jin kunya. A cikin watan nan na Janairun 1857 da aka yi shari'ar su Burgess, a wannan kotun dai, aka gurfanar da Leopold Redpath, magatakardan hannun jari na kamfanin Great Northern Railway. Shi bai taɓa ɗaukar jakar dalma ba, alƙalami kawai ya riƙe. Littafin masu hannun jari yana hannunsa, sai ya riƙa ƙirƙirar sunaye yana rubuta musu jarin da babu shi, ko ya sayi jari kaɗan ya ƙara lamba ɗaya a gaban adadin, sannan ya sayar wa jama'a a kasuwa. Kamfani ya yi ta biyan riba a kan jarin da ya fi wanda ya fitar, shekara da shekaru, ba a zauna an gwada littafi da littafi ba. Abin da ya kwasa ya haura fam 200,000, wato ya ninka zinariyar su Agar fiye da sau goma sha biyar. Yana da katafaren gida kusa da Regent's Park da wani a bayan gari, kuma an san shi da kyauta ga asibitoci da marayu, har manyan gari suna alfahari da saninsa. An yanke masa kora zuwa Ostireliya har mutuwa.

Sama da shi kuma akwai George Hudson, wanda ake yi wa kirari da sarkin reluwe a shekarun 1840, lokacin da hauka ta kama Ingilawa kowa yana zuba kuɗinsa a hannun jarin jirgin ƙasa, daga malamin coci har mai shago. Ya riƙe fiye da mil 1,000 na dogo, ya yi magajin garin York sau uku, yana kuma wakiltar Sunderland a majalisa. A 1849 aka gano cewa ribar da yake raba wa masu jari daga cikin uwar kuɗinsu yake ciro ta, yana gyara lissafi ya dace da abin da ya riga ya yi alkawari, irin abin da masu kamfanonin ninka kuɗi suka yi ta yi wa mutanenmu a 'yan shekarun nan. Jari ya faɗi, mutane da yawa suka tsiyace. Ba a taɓa gurfanar da Hudson a kan laifin zamba ba. Kamfanoni sun bi shi bashi ta kotu, ya yi shekaru yana zaman gudun masu bin bashi a Faransa, ya dawo gida da tsufa abokai suka haɗa masa kuɗin cefane, ya rasu a Landan a 1871.